Lissafin Kai a Teburin Poka

Tun daga 1970, lokacin da Benny Binion ya tara gwanayen karta a gidan cacarsa na Horseshoe da ke Las Vegas aka kafa gasar poka ta duniya, wasan da ake kira Texas Hold'em ya riƙa samun karɓuwa har ya zama sarkin wannan fage a Amurka. Mai kallo a talabijin yakan ɗauka duk abin kallon-kallo ne da ƙarfin hali da iya yaudara. Akwai su, amma ƙarƙashinsu akwai wani ɗan lissafi da kowane ƙwararre ke yi a ransa cikin daƙiƙu kaɗan, ba biro ba takarda, kuma ba a yarda ya duba waya ba yana tsakiyar wasa.

Ga yadda abin yake. Karta 52 ce, alama huɗu, kowace alama da kati 13. Ana ba kowa kati 2 a rufe, sannan a buɗe 5 a tsakiyar tebur na kowa da kowa: 3 da farko, sai 1, sai kuma 1, ana zuba kuɗi a kowane mataki. A ce kana riƙe da kati 2 masu alamar zuciya, aka buɗe ukun farko, 2 daga ciki su ma zuciya ne. Saura zuciya ɗaya ka haɗa biyar masu alama ɗaya, hannu mai ƙarfi ƙwarai. Ka ga kati 5, saura 47 da ba ka gani ba, kuma cikinsu zuciya 9 ce. Waɗannan 9 su ne katunan cetonka. Damar ɗaya ta fito a buɗi na gaba ita ce 9 cikin 47, kimanin kashi 19 cikin 100. Idan za ka ga buɗi biyun da suka rage, damar takan kai kashi 35.

Ba wanda zai tsaya raba 9 da 47 alhali ido takwas na kansa. Shi ya sa 'yan wasa suka rungumi wata gajeriyar hanya, wadda ƙwararren ɗan wasa Phil Gordon ya yayata a littafinsa na 2005: ka ninka katunan ceto sau 2 idan kati ɗaya ake jira, sau 4 idan biyu ne. Tara sau 2, 18. Tara sau 4, 36. Kusa da gaskiya sosai. Mai jiran cikon jeri (kati biyar masu lamba bi da bi) ta kowane gefe yana da katunan ceto 8, sau 4 kashi 32 ke nan, gaskiyar kuwa 31 da rabi. Sai dai hanyar tana zamewa idan katunan suka yi yawa: 15 sau 4 ya ba da 60, alhali ainihin damar kashi 54 ce.

Rabi na biyu na lissafin shi ne farashi. A tsakiyar tebur akwai dala 100, abokin karawa ya zuba 50. Don ka ci gaba dole ka biya 50, kuɗin su zama 200 ke nan. Naka a ciki kashi ɗaya bisa huɗu ne, saboda haka kana buƙatar damar nasara ta kashi 25 kafin biyan ya yi ma'ana. Idan kati ɗaya ya rage kana jiran zuciyar nan, damarka ba ta kai kashi 20 ba, to sai ka ajiye katinka komai kyansa. Da dala 20 ya zuba, kai ma 20 za ka sa cikin 140, kashi 14 kawai ake nema, ka ga biya ya zama daidai. Kati bai canza ba, farashi ne ya canza, kamar ɗan kasuwar hatsi da zai ƙi buhu da safe ya saye shi da yamma don kuɗin ya sauka.

A nan nake ganin darajar wannan al'ada, kuma da gaske nake girmama ta. Tana tilasta wa mutum ya raba shawara mai kyau da sakamako mai daɗi. Wanda ya biya 50 a kan damar kashi 20 zai ci sau ɗaya cikin biyar, ranar kuwa zai yi ta murna yana ganin kansa gwani, alhali a cikin biyar ɗin ya zubar da 200 ya ɗauki 150. David Sklansky, wanda rubuce-rubucensa suka raini 'yan wasa da dama tun ƙarshen shekarun 1970, ya dage a kan wannan: ana auna wasa ne da abin da zai haifar in an maimaita shi sau da yawa. Tushen tunanin ma tsoho ne, domin wasiƙun masana lissafi Pascal da Fermat na 1654 a Faransa, waɗanda suka aza harsashin ilimin yiwuwa, a kan rabon kuɗin cacar da aka katse aka yi su.

Amma masu koyar da lissafin sukan sa a ɗauka ya fi ƙarfinsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ninkawa sau 4 bayan buɗin farko, a manta cewa abokin karawa zai sake neman kuɗi kafin kati na ƙarshe. Ninkin 4 na halatta ne kawai idan babu sauran biya a gaba. Sannan ba kowane katin ceto ne mai ceto ba. Zuciyar da ta cika maka hannu tana iya cika wa wani wanda ya fi naka. Akwai kuma lissafin kuɗin da kake sa ran ƙara ci daga baya idan katinka ya fito. Hujja ce ta gaskiya, sai dai ita ce ƙofar da mai son biya ko ta halin ƙaƙa yake bi ya yaudari kansa, tunda adadin daga zuciyarsa ya fito. Karta kam ana ƙirga ta daidai. Abin da ke hannun mutumin da ke gabanka kuwa hasashe ne, kuma duk lissafin a kansa ya jingina.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: gidan caca na yanke nasa kaso daga kuɗin tsakiya, a ƙananan tebura har kashi 10 cikin 100 zuwa wata iyaka. Mai karatu da ya ji ana cewa poka ilimi ne tsantsa ya tuna da wannan. Caca ce, hukuncinta a addini sananne ne, iya lissafi kuma bai sauya shi ba. In mutum tara masu ƙwarewa ɗaya suka zauna, kowa na ƙirga katunan cetonsa daidai, a ƙarshen shekara a jimlace za su tashi da asara, mai gidan ne kaɗai ke da tabbacin riba.