Addini da Jari-Hujja a Ra'ayin Max Weber: Tsokaci da Suka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce sake duban nazarin da masanin zaman jama'a Bajamushe Max Weber (1864-1920) ya yi a kan dangantakar ɗabi'ar 'yan Furotesta da ruhin jari-hujja, wanda ya fito a shekarun 1904 da 1905. Dalili kuwa shi ne yadda ake taƙaita shi ga ɗalibai a kwalejojinmu, watau wai Furotesta ce ta haifi jari-hujja, sauran addinai kuwa sun daƙile shi. Ɗalibin da ya haddace wannan zai fita ya koyar da shi, alhali ba haka Weber ya ce ba, kuma abin da ya faɗa ɗin ma yana buƙatar tankaɗe da rairaya.

2.0 Abin da Weber Ya Ce

Weber bai ɗauki son kuɗi a matsayin jari-hujja ba, domin kwaɗayi ya girmi kowace daula. Abin da ya kira jari-hujjar zamani shi ne neman riba bisa tsari: ma'aikata 'yantattu masu karɓar lada, lissafin shiga da fita a rubuce, da raba dukiyar kasuwanci da ta gida. Tambayarsa ita ce, ina aka samo mutumin da zai yi aiki ba ji ba gani, ya tara dukiya, amma ya ƙi cin ta?

Ya nemo amsar a koyarwar John Calvin (1509-1564), cewa tun fil azal an riga an ware masu tsira da masu halaka, kuma babu aikin da zai sauya hukuncin. Mabiyi ya shiga zullumi, sai ya riƙa neman alamar tsira a cikin tsare sana'arsa da ƙin almubazzaranci. Ribar da ba a ci ba kuwa, jari take komawa. Daga baya, in ji Weber, imanin ya dushe amma horon ya zauna, ya zama tilas a kan kowa, mai addini da marar addini.

3.0 Inda Nazarin Ya Yi Rauni

Na farko, tarihi. Biranen Italiya irin su Fulorans da Benis, na Katolika ne, sun san banki da lissafi mai gida biyu tun kafin Martin Luther ya ta da ƙayar baya a 1517. R. H. Tawney, a 1926, ya nuna cewa tasirin ba ta fuska ɗaya yake tafiya ba. Ciniki ma ya sauya wa'azi.

Na biyu, alƙaluma. A 2009 Sascha Becker da Ludger Woessmann sun bi ƙididdigar gundumomin Farusiya ta ƙarni na 19, suka gano cewa iya karatu ne ya bayyana akasarin fifikon arzikin 'yan Furotesta, saboda Luther ya nace kowa ya karanta Littafi da kansa. A 2015 kuma Davide Cantoni ya auna bunƙasar birane 272 na ƙasashen Jamus daga 1300 zuwa 1900, bai ga bambanci tsakanin ɗariƙun biyu ba. Ga mu masu horar da malamai, wannan babban darasi ne: mai yiwuwa makaranta ce ta yi aikin da aka jingina wa aƙida.

Na uku, Musulunci. Weber ya yi nazarin addinan Sin da Indiya da Yahudanci, amma ya rasu bai rubuta na Musulunci ba. Ɗan abin da ya bari ya siffanta shi da addinin mayaƙa, ya kuma mai da alƙali misalin mai hukunci ba bisa tsayayyar ƙa'ida ba. Duk wanda ya ga alƙalin Malikiyya yana buɗe Risala da Mukhtasar ya san maganar ba ta zauna ba. Maxime Rodinson a 1966 da Bryan Turner a 1974 sun yi wa wannan ɓangare suka mai ƙarfi. Haka nan Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙarfafa amana da haɗin kan da fataucin goro da shanu ya dogara a kai.

4.0 Abin da Ya Rage Mai Amfani

Sai dai a yi adalci. Lissafa attajiran Musulmi bai isa ya rushe Weber ba, tun da ba yawan dukiya yake magana a kai ba, tsarinta ne. A nan ne rabe-rabensa na iko yake da amfani: ikon gargajiya, wanda ake bi don haka aka tarar, ikon baiwa, wanda ake bi don kwarjinin mutum, da ikon doka, wanda ake bi don kujera, ko wa ke kanta. Cinikin da ya rataya a kan amanar maigida yana tsakanin na farko da na biyu, kuma jarrabawarsa tana zuwa ranar da maigidan ya kau. Ikon doka yana magance wannan ta hanyar fayil da albashi da matakan girma, amma Weber bai yi murna da shi ba, domin ya hango ma'aikacin da zai bauta wa ƙa'ida har ya manta dalilin kafa ta.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, amsar Weber game da Turai tana tangal-tangal, hukuncinsa a kan Musulunci kuwa bai nuna ba aka sauke shi. Amma tambayarsa tana nan daram: ta yaya abin da mutum ya yi imani da shi yake shiga cikin yadda yake aiki da yadda yake biyayya? Shawarata ga 'yan'uwa malamai ita ce mu daina ba ɗalibai amsar su haddace. Mu ba su tambayar, su je kasuwa da ofis su gwada ta. Allah Ya sa mu dace.