Sababi da Sharaɗi: Nazari a Kan Hujjojin da Aka Kafa Game da Mace-macen Birnin Kano na Shekarar 2020

A tsakiyar watan Afrilu na shekarar 2020, masu haƙa kabari a maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse da wadda ke kusa da Ƙofar Mazugal suka fara shaida wa 'yan jarida cewa gawarwakin da ake kawo musu sun zarce abin da suka saba gani. Mafi yawan mamatan dattawa ne. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Kano ranar 11 ga wannan wata, dokar kulle kuma ta fara aiki ranar 16. Jama'a ba su saba da binciken gawa ba, jana'iza ba ta kwana, ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma ya dakata na wasu kwanaki. Da aka rasa gwaji sai kowa ya kawo dalilinsa. Abin lura shi ne, ma'aunin da ya kamata a ɗora waɗannan dalilai a kansa yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan birnin tun ƙarnuka.

Malaman usulul fiƙhu suna da hanyoyin gano illar hukunci. Daga ciki akwai sabru wat-taƙsim, wato a tattaro duk siffofin da ake zaton su ne illa, a riƙa zubar da waɗanda ba su inganta ba. Akwai kuma dawaran, wato a duba ko hukunci yana samuwa da samuwar siffa, yana gushewa da gushewarta. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, bai yarda dawaran shi kaɗai ya tabbatar da illa ba. A cikin Al-Mustasfa ya buga misali da warin giya, wanda yake zuwa tare da maye ya tafi tare da shi, alhali ba shi ne illar haramci ba. Amma abin da bai isa ya tabbatar da sababi ba yana iya isa ya kore shi, kuma a nan amfaninsa yake.

Hujjar azumi ba ta buƙatar dogon zance. Ramadan ya kama ne ranar 24 ga Afrilu, rahoton maƙabartu kuwa ya riga ganin wata da kwanaki, kuma sababi ba ya zuwa bayan abin da ya haifar. Hujjar zafin bazara ta fi ta ɗan ƙarfi, sai dai bazara tana zuwa Kano kowace shekara ba tare da masu haƙa kabari sun koka ba.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce bayanin farko na gwamnatin jihar, cewa hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro ne suka kashe mutanen. Maganar ta samu karɓuwa domin akwai gaskiya a cikinta: da yawa daga cikin mamatan suna fama da waɗannan cututtuka. Amma tambayar da ake yi ita ce me ya sa mutuwa ta ƙaru a wannan wata. Alƙaluman da Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayar a watan Yuni sun nuna mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, kimanin 43 a kowace rana, alhali abin da aka saba shi ne 11. Masu hawan jini ba su ninka huɗu tsakanin Maris da Afrilu ba. Siffar da take nan daram kafin aukuwar abu da bayansa ba za ta bayyana sauyin da ya auku ba. Ɗalibin usulu ya san bambancin sababi da sharaɗi: cikar nisabi sababin zakka ne, zagayowar shekara sharaɗi. Tsufa da ciwon sukari sun fi kama da sharaɗi, ko mahallin da sababi ya sauka a kai. An ɗauki sharaɗi an ba shi matsayin sababi, kuskuren kuma bai tsaya a kan takarda ba, domin wanda aka gaya masa ciwon sukari ne ya kashe maƙwabcinsa ba shi da dalilin ƙaurace wa cunkoson zaman makoki.

Wasu kuma sun ce azaba ce saboda hana sallar Juma'a da jam'i. Cewa zunubi yana jawo musiba asali ne tabbatacce a nassi, ba a jayayya a kansa. Amma a ce wannan musiba takamaimai sakamakon wancan aiki ne takamaimai, wannan da'awa ce ta sanin gaibu, kuma tana buƙatar wahayi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta husufin da rasuwar, Annabi (SAW) ya kore wannan dangantawa duk da cewa a zahiri girmamawa ce ga ɗansa. Ko ta fuskar dawaran ma hujjar ba ta tsaya ba: an rufe masallatai a Abuja da Legas tun ƙarshen Maris, maƙabartunsu kuwa ba su ba da irin labarin Dandolo ba.

Akwai waɗanda suka kauce wa tambayar baki ɗaya da cewa ajali ne, cuta ba ta kisa. Suna jingina wannan ga aƙidar Ash'ariyya, kuma gaskiya ne Gazali a mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa ya kore cewa wuta ce da kanta take ƙona auduga bisa tilas. Sai dai Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, kuma ake karanta Ummul Barahin ɗinsa a zaurukan Kano, ya sanya hukuncin al'ada cikin rabe-raben hukunci a Muƙaddimat: haɗi ne tsakanin abu biyu da ake ganewa ta hanyar maimaituwa, tare da yiwuwar saɓawa. Abin da Ba'ash'are ya kore shi ne tasirin sababi da kansa. Haɗin kuwa ya tabbatar da shi, ya kuma ce ta hanyar lura ake saninsa. Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga Sargh lokacin annobar Amwas, bai ga saɓani tsakanin hakan da imani da ƙaddara ba.

Hujjar da ta fi jure wa gwaji cikin waɗanda suka saɓa wa korona ita ce ta rufe asibitoci masu zaman kansu da tsoron da ma'aikatan lafiya suka shiga, har masu tsofaffin cututtuka suka rasa kulawa. Wannan sabon abu ne a Afrilu, saboda haka ya tsallake matakin da zafi da hawan jini suka faɗi. Rahoton ministan ya ce kimanin kashi 56 cikin ɗari a gida suka rasu, adadin da kowane ɓangare zai iya kafa hujja da shi. Fuƙaha'u a babin lamuni sun bambance mubashara da tasabbubi: mai ciwon sukarin da ya rasa likita annoba ta kashe shi ta hanyar tasabbubi, ko da ƙwayar cutar ba ta shiga jikinsa ba.

Su ma masu cewa korona ce ba su kai ga yaƙini ba. Rahoton tarayya ya ce tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa suna da nasaba da cutar, kuma an gina shi ne a kan lissafin maƙabartu da tambayar iyalan mamata alamomin rashin lafiyarsu. Kwamitin gwamnatin jihar ya fitar da kaso da ya gaza haka nesa. Iyakar abin da sabru ya bayar a nan zato ne mai rinjaye. Amma da zato mai rinjaye alƙali yake hukunci bisa shaidu biyu, da shi mara lafiya yake ajiye azumi, kuma shi ya ishi limamin unguwa a watan Afrilun 2020 ya taƙaita masu wankan gawa da masu rakiya zuwa maƙabarta.