Waƙar da Ta Riga Labari Isa Kasuwa

A ƙasar Maradun da Talata Mafara, waƙar fada tana da ubangida. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa da kotso. Sa'idu Faru kuma ya kaɗa wa Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. A wannan tsari mutum shi ke fara zuwa da asalinsa da aikinsa, waƙa ta biyo baya tana yi masa hidima. Waƙar silima ma haka ya kamata ta zama, sai dai ita labari ne ubangidanta. To, me kan faru in ta riga malam masallaci?

Tarihin faifan Blue Hawaii na Elvis Presley, mawaƙin nan na Amurka, ya isa misali. Kamfanin RCA Victor ya fitar da faifan, mai waƙoƙi 14, cikin Oktoba 1961, silimar kuwa ba ta fito ba sai Nuwamba. Faifan ya yi mako 20 yana kan gaba a jerin cinikin mujallar Billboard. Da masu kuɗi suka ga haka, sai suka yi ta shirya masa silima iri ɗaya: labari kaɗan, waƙoƙi birjik, domin a sami faifan sayarwa. Darajarsa ta yi ta raguwa wajen masu sauraro, har sai da ya farfaɗo da ita da wasan da ya yi a talabijin a 1968.

Kwatankwacin wannan ya auku a Kano. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, labarin ɗan sarki da baiwar gidansu, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. An kaɗa waƙarsa da fiyanon Yamaha mai kwaikwayon sarewa da ganga, aka kuwa yi tallar fim ɗin da ita, har ta shiga bakin jama'a. A Sangaya kansa waƙar ta zauna daidai, gama bege tsakanin mai mulki da baiwa abu ne da ba ya faɗuwa a fili, sai a waƙe. Laifin yana ga waɗanda suka biyo baya. Da yawansu suka ɗauka waƙar kaɗai ta kawo ciniki, suka riƙa tsara waƙa tukuna, sa'an nan su nemi labarin da za su rataya ta.

Alhasali, mai nazarin waƙar fim bai kamata ya tsaya ga zaƙinta ba. Sai ya binciki wanda aka fara shiryawa, da wanda aka fara kaiwa kasuwa, sa'an nan ya cire ta ya ga ko labarin zai yi giɓi. In bai yi ba, to, miya ce aka dafa kafin a san ko akwai tuwo.