Gajarta Daban, Rashin Nauyi Daban

Duk shekara, wajen ƙarshen Fabrairu, ana tara samari fiye da 300 a birnin Indiyanapolis na Amurka, a sa su tuɓe takalma, a auna tsawonsu da nauyinsu har da faɗin hannunsu, su yi tseren yadi 40, su kwanta su ɗaga ƙarfe mai kilo 102 har sai hannu ya ƙi. Wakilan ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suna zaune suna rubutawa. Daga nan ake fara yanke wa wasu hukunci, kuma ba wanda ma'aunin ke cuta kamar gajeren ɗan wasan da aikinsa gudu da ƙwallo.

Wasan da ake yi a NFL ba irin ƙwallon ƙafarmu ba ne, ya fi kusa da zari-ruga. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi goma. In ta yi, a sake ba ta wasu huɗu. Ko dai mai jifa, wato kwatabak, ya wurga wa wani, ko ya danƙa wa na bayansa ya rungume ya kutsa cikin ƙarti. Wannan na bayan shi ne ranin-bak, kuma kusan duk ɗaukar da zai yi a ƙasa take ƙarewa, mutum biyu ko uku a kansa. Shi ya sa masu horarwa ke son irin su Derrick Henry, mai ƙafa shida da inci uku da kilo wajen 112.

Kuskuren masu tantancewa, a ganina, shi ne haɗa abu biyu a kalma ɗaya. In sun ce ɗan wasa ya yi ƙanƙanta, ba sa bambance gajere da marar nauyi, alhali tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Barry Sanders na Detroit Lions ƙafa biyar ne da inci takwas, amma ya haura kilo 90, kuma yawancin nauyin a cinya yake. Cikin kaka goma, daga 1989 zuwa 1998, ya yi gudun yadi 15,269, ciki har da 2,053 a 1997 kaɗai. Emmitt Smith, wanda har yau ba a kamo yadinsa 18,355 ba, inci ɗaya kawai ya ɗara shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawa ya san dalili: wanda ya shige ƙarƙashin abokin karawarsa shi ke da ƙasa. Ga kuma wata riba. Masu share wa ranin-bak hanya a sahun gaba dogaye ne masu kilo 140, gajere yana laɓewa a bayansu, mai tsaron baya ba ya ganinsa sai ya riga ya ɓullo.

Maurice Jones-Drew ya fi kowa nuna wannan. Ƙafa biyar da inci bakwai, kilo 95, kamar turmi. A zaɓen 'yan wasa na 2006 sai a lamba ta 60 Jacksonville Jaguars ta ɗauke shi, ya sa riga mai lamba 32 don ya riƙa tuna ƙungiyoyin da suka tsallake shi. Babban abin da ake tsoro game da gajeru ba gudu ba ne, tare hanya ne: in kwatabak zai yi jifa, wani lokaci ranin-bak ne kaɗai ke tsakaninsa da ƙaton da ya taho a guje. A wani wasa da San Diego Chargers a 2007, Shawne Merriman, mai kilo kusan 120, ya taso ta gefe kusa da layin ci. Jones-Drew ya sunkuya, ya sa masa kafaɗa a ƙirji, Merriman ya zube ta baya, jifa ta tafi lafiya aka ci. A 2011 ya ɗauki ƙwallo sau 343, ya fi kowa gudu a gasar da yadi 1,606. Wannan ba aikin ɗan taɓa-ka-fita ba ne.

Labarin Darren Sproles ne ya fi ɗaure kai, don shi gajere ne kuma ba nauyi sosai: ƙafa biyar da inci shida, kilo wajen 86. Chargers ta ɗauke shi a zagaye na huɗu na zaɓen 2005, ta ajiye shi yana dawo da ƙwallon da aka bugo daga nesa, yana jiran babban ranin-bak ɗinta, LaDainian Tomlinson, ya gaji. A Janairun 2009, a wasan fitar-da-gwani da Indianapolis Colts, rauni ya hana Tomlinson ci gaba, aka ce wa Sproles bismilla. Ya yi gudu, ya cafe, ya dawo da bugu, jimilla yadi 328, kuma shi ya ƙare wasan a ƙarin lokaci da gudun yadi 22, aka tashi 23 da 17. To me ƙungiyar ta koya? Da Tomlinson ya tafi a 2010, sai ta sayi gurbi na 12 a zaɓe ta ɗauko Ryan Mathews, dogo mai kilo 100.

New Orleans Saints ce ta gane abin da za a yi da shi. Maimakon a tura shi cikin bango, sai aka riƙa fitar da shi gefe, inda dole wani mai tsaro mai nauyin jiki ya bi shi a fili, kuma ba ya iya biyo shi. A 2011 ya yi gudun yadi 603, ya cafe ƙwallo 86 da suka ba da 710, sauran daga dawo da bugu, duka 2,696, adadin da ba wanda ya taɓa tarawa a kaka guda. Amma har ya yi ritaya bayan kakar 2019 bai taɓa ɗaukar ƙwallo sau ɗari a shekara ɗaya ba. Wasu na cewa hakan ne ya sa ya kai shekara goma sha biyar a gasar da yawancin masu aikinsa ba sa wuce uku ko huɗu. Ba zan musa ba. Sai dai Warrick Dunn yana nan yana dagula lissafin: bai fi Sproles nauyi ba, ya yi kaka goma sha biyu tsakanin Tampa Bay da Atlanta, ya tara yadi 10,967, kuma ba a ɓoye shi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake karanta rauni. Ƙato in ya karye, a ce tsautsayi ne. Ƙarami in ya karye, a ce dama mun faɗa. Tarik Cohen na Chicago Bears, shi ma ƙafa biyar da inci shida, ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya a Satumban 2020. Mako guda bayan haka, a Atlanta, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, bai sake buga wasan gasa ba. Ba cikin kutse abin ya same shi ba. Yana tsaye ne, ya ɗaga hannu alamar ba zai yi gudu ba, idonsa na sama yana jiran ƙwallo, wani ɗan wasa ya faɗo masa a ƙafa.