Mudu Ya Cika Tukuna

A kasuwar Galabat, in ka sayi riɗi ko dawa, ba ka tashi sai ka ce wa mai awo, "Gyara fa?" Sai ya damƙi kaɗan ya ƙara maka. Kowa ya san ƙa'idar: mudu ya cika tukuna, gyara ta biyo baya. Da wannan ma'auni nake son auna abin da kamfanonin wasannin bidiyo ke kira ƙarin wasa, wato abin da ake saukewa ta intanet a biya kuɗinsa daban, bayan an riga an mallaki wasan.

Wani dattijo ne ya tayar mini da maganar. Ya bugo waya cikin shirina na yamma, ya ce ɗansa ya kwashe kuɗin cefanen mako daga wayarsa ya saya wa wani sojan cikin wasa riga. "Ɗana," in ji shi, "rigar da ba a sawa, yaya ake sayenta?" Na yi dariya a lokacin, kuma na yi nadamar dariyar.

Rigar tana da tarihi. A 2006 kamfanin Bethesda ya sayar da sulken doki a wasan Oblivion kan dala biyu da rabi. Duniya ta yi musu ba'a, amma mutane sun saya, sauran kamfanoni kuma suka gane hanya. A ganina wannan ba shi ne babban laifi ba. Kwalliya ce, ka ga abin da za ka saya, ka san farashinsa. Wanda ya ga dama ya yi wa dokinsa ado da kuɗinsa.

Inda algus ya shigo shi ne irin abin da Capcom ya yi a 2012 da Street Fighter X Tekken. 'Yan dambe goma sha biyu suna cikin faifan da mutum ya saya, an kammala su, aka kulle, aka ce sai an sake biya. Wannan mai awo ne da ya dasa tafin hannunsa cikin mudu, sannan ya sayar maka da abin da ya rage da sunan gyara. Kamfanin ya kawo hujjojinsa na fasaha, amma mai saye ya riga ya ɗauki kayan zuwa gida, makullin kawai aka hana shi.

Kada a ce na yi wa kowa kuɗin goro. Masu The Witcher 3 sun raba ƙananan ƙari goma sha shida kyauta a 2015, sannan a 2016 suka sayar da Blood and Wine, sabuwar ƙasa da sabon labari na awanni da yawa. Sabon aiki ne, kuma ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Sai dai mu a nan ba faifai ne damuwarmu ba. Yaran Galabat da Gadarif a waya suke wasa: PUBG Mobile, Free Fire, eFootball. Shiga kyauta ce, kuma dole in yaba wannan, domin yaron da ba zai taɓa sayen PlayStation ba yana fafatawa da na Dubai a fili ɗaya. Amma kyautar tana da ƙugiya. Kuɗin gaske ana fara canja shi zuwa kuɗin wasa, UC ko lu'ulu'u, yadda yaro ba zai ƙara lissafi da fam ba. Tunda kaɗan ne ke da katin bankin da ke aiki a waje, dillali ake tura wa kuɗi ta Bankak, shi ma ya ɗora ribarsa. Sannan mafi muni: akwatin sa'a. Ka biya, ba ka san abin da zai fito ba. In bai fito ba, ka sake biya. Bayan hayaniyar Star Wars Battlefront II a 2017, hukumar caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. Kakata ba ta buƙatar hukuma kafin ta gane hakan. Kuma wa aka ɗana wa tarkon? Ɗan shekara goma sha uku, wanda abokansa ke yi wa dariya saboda sojansa na sanye da tsumma.

Akwai kuma tambayar da dattijon ya yi ba tare da ya sani ba: rigar ta wace ce? A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya rufe na'urorin da ke riƙe da wasan The Crew, duk wanda ya saya, har da ƙarin da ya biya, ya wayi gari ba abin da ke buɗewa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan ta wata fuskar. A Fabrairun 2024, da layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin Sudan, damuwar manya ita ce labarin 'yan uwa da kuɗin da ya maƙale a waya, kuma ita ce damuwar gaske. Amma na ga yara zaune bakin hanyar Matama suna ta danna wasan da ya ƙi buɗewa, rigunansu da bindigoginsu na can cikin wata na'ura a ƙasar da ba su san sunanta ba.