Haƙurin da Aka Nuna Mana a Fim Ɗin "42"

'Yan'uwana mata, na san daga Batsari har Safana babu inda ake buga besbol, wato ƙwallon nan ta Amurkawa da ake jefowa mutum ya make ta da kulki ya ruga da gudu. Ni ma ba ƙwallon ce ta dame ni ba. Abin da ya sa na ɗauko zancen fim ɗin "42", wanda ya fito a 2013, shi ne kalmar nan da ake cusa wa kowace amarya a kunne ranar kai ta ɗaki: haƙuri.

Fim ɗin labarin Jackie Robinson ne, baƙar fatar da ya shiga babbar gasar besbol ranar 15 ga Afrilu 1947, bayan an yi shekaru kusan 60 ba a barin baƙi su buga tare da farare. Shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, Branch Rickey, ya ɗauke shi bisa sharaɗi guda: a zage ka, a jefe ka, kada ka rama.

Gaskiya Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Jackie, ya iya wasa. Akwai wurin da Ben Chapman, kocin ƙungiyar Filadelfiya, ya tsaya yana ta zazzaga masa zagin launin fata a bainar jama'a, shi ko ya dafe kulki, muƙamuƙinsa na motsi, bai ce uffan ba. Duk macen da aka taɓa gorantawa asali a gidan biki, aka ce mata 'yar mahauta ko 'yar wanzamai, ta haɗiye don kada a ce ba ta da kunya, za ta gane wannan fuskar. Haka kuma inda matarsa Rachel ta ga an rubuta "farare kawai" a ƙofar ban-ɗaki a filin jirgin sama, ta sa kai ta shige abinta, aka hana su kujerunsu na jirgi, suka ƙare a motar haya. Nan kam na jinjina.

To amma fa ga inda muka raba hanya da masu fim ɗin. Sun tsayar da labari a ƙarshen 1947, ana tafi, ana kiɗa, kamar haƙuri ya biya kowa ya huta. Alhali mutumin nan ba salihin rago ba ne. Tun a 1944, yana soja, aka gurfanar da shi gaban kotun soja don ya ƙi komawa kujerar baya a mota, kuma kotu ta wanke shi. Wannan sai a baki kawai aka ambata. Daga 1949 ya fara mayar da martani, sai wasu 'yan jaridar da ke yabonsa suka koma kiransa mai tsiwa. Ashe ba shi suke so ba, shirunsa suke so. Wannan ɗin ko alama ba a nuna ba.

Ba a kuma nuna abin da haƙurin ya ci ba. Ciwon sukari da na zuciya suka kama shi, furfura ta rufe shi, ido ya kusa tafiya, ya rasu a 1972 yana ɗan shekara 53. Kwana 9 kafin rasuwarsa yana filin wasa yana kokawa cewa har lokacin ba baƙin da ke jagorantar ƙungiya a gasar. Sai a 1975 aka samu.

Shi kuwa Rickey an wanke shi tas. Ba a faɗa mana cewa ko sisi bai biya Kansas City Monarchs, ƙungiyar baƙaƙen da ya ɗauko Jackie daga cikinta ba. Wata mata, Effa Manley, mai ƙungiyar Newark Eagles, ita ta tsaya kai da fata a kan a daina kwashe musu 'yan wasa kyauta. Kun ji sunanta a fim ɗin? Ni dai ban ji ba. Ita ma Rachel, bayan wancan wuri na ban-ɗaki, an mayar da ita 'yar rarrashi da riƙon jinjiri, matar da ta karanci aikin jinya har ta koyar a Jami'ar Yale, ta kuma kafa gidauniyar tallafa wa ɗalibai a 1973 da sunan mijinta.