Adamu Halilu da Nauyin da Ya Ɗauko a Shehu Umar

A garinmu Wurno, duk yaron da ya tashi ya san hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya kuma san cewa garin ribaɗi ne tun kafuwarsa. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne labarin waɗanda aka kamo suka yi noma da gini a irin waɗannan garuruwa. Daga Rabah har Goronyo, dattawa kan sassauta murya idan zance ya iso kan bauta. Wannan shirun ne ya sa nake ganin fim ɗin Shehu Umar na Alhaji Adamu Halilu ya cancanci a sake auna shi.

An haifi Halilu a 1936, ya rasu a 2001. Ya goge a aikin finafinan gwamnatin Arewa, zamanin da majigi ke zagaya ƙauyuka yana wayar da kan talakawa, kuma daga baya ya shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979. A 1976 ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, zuwa fim da harshen Hausa, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977.

Ƙarfin aikin yana cikin haƙurinsa. Halilu ya riƙe tsarin littafin: malami yana zaune, almajirai na tambayarsa asalinsa, shi kuwa yana warware yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara. Bai yi gaggawa ba, ya bar tsawon tafiya ya gajiyar da mai kallo kamar yadda ya gajiyar da ayari. Zuciyar labarin kuwa ita ce mahaifiyar Umar, wadda ta fita neman ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, har ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Abin da takarda ta faɗa a taƙaice, a fim ido ke ganin sa, kuma ganin ya fi zafi.

Amma biyayyarsa ga littafin ita ce kuma rauninsa. Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauki Umar, mutumin kirki ne da ya ilimantar da shi, don haka labarin ya karkata ga cewa wahala ƙaddara ce da ta kai ga alheri. Wa ya ci ribar cinikin? Wace hukuma ta ƙyale shi? Marubucin fim yana da 'yancin tsayawa a kan waɗannan tambayoyi, Halilu kuwa ya ratsa ta gefensu. Ina zaton tarbiyyar majigi ce ta bi shi, inda ake koyar da darasi ba tare da an taɓa manya ba.

Duk da haka, ba a raina wanda ya fara share hanya. Fim ɗin ya shafe shekaru a ma'ajiya kamar ya ɓace, sai da aka gano faifansa, aka gyara shi a Jamus, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Mutanen Turai sun kalle shi, alhali ni da sa'o'ina mun gama jami'a muna jin sunansa kawai. Halilu ya kuma yi fim a kan Kanta na Kabi, tarihin da ya shafi ƙasarmu kai tsaye, shi ma matasanmu ba su san shi ba. Ya dace a kawo waɗannan finafinai makarantun Wurno da Rabah da Goronyo, a kalle su tare da dattawa, sannan a yi musu tambayoyin da Halilu ya bari.